Ƙaramin Harsashi da Sallamar Hagu

Auta Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya sa ka shiga sabon garinka da ƙafar dama, ya haɗa ka da maƙwabta na kirki da shugaban aiki mai adalci. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya, da sharrin sanyi, da sharrin abin da ido ba ya gani. Innarka tana gaishe ka. Ita ta cusa takardar a jakarka, ƙarƙashin kwalbar yaji, amma ba ta san abin da ke ciki ba, kuma ba sai ka faɗa mata ba.

Da Hausa na rubuta, ko da yake na san da Turanci za ka amsa, kamar yadda ka saba tun kana tatata. Maganar nan ba ta shiga bakina da Turanci. Ka karanta a hankali, in kalma ta gagare ka, ka maimaita ta da ƙarfi, kunnenka ya fi idonka jin Hausa. Kai ba ɗan fari ba ne, ba kunya tsakanina da kai, shi ya sa zan faɗa maka abin da ban faɗa wa yayyenka ba.

Ka tuna ran Lahadi muna cin tuwo, kana ta zuba labarin lasin farauta da ka samu, da abokin aikinka na upstate, can karkarar da ke arewa da birni, da zai kai ka dajin kawunsa cikin Nuwamba? Na ji daɗi, wallahi. Na ce maka bindigata taka ce da zarar an gama takardu. Sai ka ce, "Baba, wane harsashi ne zai kayar da barewa amma bai kashe ta nan take ba, don in samu in kai mata wuƙa? Na ga wani ƙaramin kwali mai ruwan ɗorawa a kabad ɗinka, shi za ka ba ni?" Loma ta tsaya a hannuna. Na tashi na ce zan yi alwala, alhali da alwalata. Innarka ta ce ko gishiri ne ya yi yawa. Ba gishiri ba ne. Tambayar da ka yi, kalma da kalma, ita na yi wa kaina shekara ashirin da biyu da suka wuce. Ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, mutane suna faɗa don yabo, ni kuwa ran nan tsoro karin maganar ya ba ni.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bari in fara daga farko.

Ka san kakanka maharbi ne a ƙauyenmu, yamma da Maraɗi. Bindigar toka gare shi, wadda ake ɗurawa ta baki. Ina yaro na sha ganinsa, da ya harba sai ya yar da bindigar, ya zare wuƙa ya sheƙa a guje, yana bismillah yana haki, don ya riski nama da sauran rai ya yanka. Ban taɓa tambayarsa dalili ba. Na ɗauka kawai cewa duk abin da ya mutu wuƙa ba ta taɓa wuyansa ba, mushe ne. Da wannan na girma, da shi na hau jirgi, da shi na yi shekaru ina kasa agogo da hula a bakin titin 125th Street, nan Amurka. Kuskurena na farko ke nan: na ga abu a hannun ubana, na mai da shi hukunci, ban kai wa malami ba. Auta, abin da ka gani a hannuna ma kada ka mai da shi hukunci sai ka tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Da na bar tebur na sayi mota mai ɗaukar kaya, sai na shiga ɗauko raguna daga gonakin upstate, na Layya da na suna. A nan na san tsoho Walter, wani Bature mai gonar tumaki a gindin duwatsu, tafiyar awa uku daga Bronx. Mutum ne marar yawan magana, kullum aljihunsa cike da ƙusoshi. Wata rana barewa uku suka ratsa bayan garkensa muna loda raguna, na ce masa ni ɗan maharbi ne. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "To ka zo da takardunka cikin Nuwamba mu gani." Na yi karatun, na ci jarrabawar, na yi jiran izinin ajiye bindiga a cikin birni har na kusa cire rai. Na sayi bindigar nan da ka sani, mai lamba 243 a jikin bututunta. Kafin in harba ko da kwalba, na riga na cika baki a masallacinmu na basement, ɗakin ƙarƙashin bene, cewa bana kowa zai ci naman daji, yankan Musulmi, ba na kanti ba.

Walter ya ba ni kwali ɗaya na harsashinsa, mai lambar nauyi ɗari, ya kafa faifan kwali a jikin bishiya, muka yini muna gyara madubin saiti har harbi uku suka riƙa taruwa wuri guda. Ya ce da wannan harsashi, in na sa shi bayan kafaɗa, barewa ba za ta yi taku hamsin ba. Shi yana faɗa don ya faranta mini rai, ni kuwa gabana ne ya faɗi. In ta mutu kafin in iso fa? In kai wa jama'ar masallaci mushe? Na ce a raina wannan ba addininsa ba ne, ba zai gane ba.

A hanyar komowa na tsaya wani shagon kayan farauta. Na duba kwalaye masu lamba 243, na ga ɗaya mai nauyi hamsin da biyar, kusan rabin na Walter. Na ce af, ga abin da nake nema, ƙarami ne, zai kayar da ita ya bar mini ita da rai. Mai shagon ya tambaye ni, "Me za ka harba da shi?" Na ji kamar raini ne, wai don ya ga baƙi mai hula. Na ce masa abin da zan harba ni ya shafa. Ya ɗaga kafaɗa ya sa mini a leda. Da na buɗe baki na ce barewa, da ya hana ni, domin a jikin kwalin ma hoton wani ɓeran gona ne mai kama da gafiya. Na ga hoton da idona, girman kai ya rufe ni.

Don haka ka ji nan da kyau. Lambar da ke jikin bututu ita ce ta farko, dole ta zama ita ce a jikin kwali da gindin kowane kwanso, harafi da harafi, don akwai lambobi masu kama da juna da ba sa shiga bindiga ɗaya. Amma lambar ta dace ba ya nufin harsashin ya dace. Bindiga ɗaya tana cin na ɓera, tana cin na barewa. Ƙaramin nan an yi shi ne ya tarwatse da ya taɓa abu, in ya samu ƙashin babbar dabba sai ya fashe a waje, ya yi rauni mai faɗi marar zurfi. Akwai kuma mai kai a rufe ruf da ƙarfe, na wasan saiti, wanda ke ratsa nama kamar allura ya fita bai yi aiki ba, shi ma ka bar shi. Wanda kake nema shi ne mai nauyi, kusa da ɗari a wannan bindiga, wanda kansa ke buɗewa in ya shiga amma bai wargaje ba, ya ratsa huhu biyu ya fita. In ka samu na jan ƙarfe zalla, ko ya ɗan fi sauƙin nauyi, ya yi, kuma ba ya barin ɓurɓushin darma cikin naman da 'ya'yanka za su ci wata rana. In mai shago ya tambaye ka me za ka harba, ka faɗa masa, ba zagi ba ne.

Ban gwada sabon harsashin ba ko sau ɗaya. Ina zan gwada, Walter ya gani ya tambaye ni? Na ɓoye kwalin a aljihun rigar sanyi. Ashe kowane nauyi da inda yake sauka, saitin da muka yini muna yi na mai ɗari ne, ba na wannan ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, Auta. Ka sayi iri biyu ko uku na kirki, ka je range, filin gwajin harbi, ka zauna ka harba kowanne, don kowace bindiga da abincin da take so, ko uwa ɗaya ta haife su. Wanda ya fi taruwa wuri guda shi ne naka. Ka yi saiti da shi, ka yi farauta da shi, kada ka canza ko da wani ya ba ka kyauta. Nisan da za ka iya samun farantin tuwo sau biyar cikin biyar, nan ne iyakarka, ko barewar ta tsaya tana yi maka gwalo a gaba da haka.

Ranar Asabar ce. Dusar ƙanƙara ta sauka kwana biyu kafin nan, daji ya yi fari fat, ba iska. Walter ya zaunar da ni gindin wata bishiya a bakin fili, shi ya haura tudu. Da ya ɓace na zare harsashinsa na sa nawa. Wajen hantsi barewa ta fito. Mace ce babba, ina da takardar harbin mace, ita kaɗai, tana tona ƙanƙara da ƙafa tana neman ciyawa. Tana kusa, ko da dutse zan same ta. Na sa saiti bayan kafaɗa, na yi bismillah, na ja kunama.

Harsashin bai je inda na aike shi ba. Ya sauka a kan ƙashin kafaɗar hagu. Na ga gashi ya tashi, ta faɗi, na yar da bindiga na zare wuƙa na sheƙa kamar kakanka. Ban yi taku goma ba ta miƙe. Sai ta yi kuka. Auta, na yanka raguna sun fi a ƙirga, ban taɓa jin dabba ta yi irin wannan kukan ba, irin na mutum ne da aka toshe wa baki. Ta shige daji da ƙafa uku, ta huɗun tana reto. Na tsaya da wuƙa a hannu kamar mahaukaci, bindiga tana can baya cikin ƙanƙara. Ko wannan ka riƙe: in ka harba, kada ka motsa, ka sake ɗurawa ka tsaya a kanta da saiti, in ta ɗaga kai ka ƙara mata. Wuƙa ba ta gudu.

Walter ya sauko ya duba wurin. Ya tsinci gutsuren ƙashi, ya tsinci kwanson da na yar, sai ya miƙo mini hannu. Na ciro kwalin na ba shi. Ya juya shi ya kalli hoton ɓeran nan, ya kalle ni. Ya ce, "Me ta yi maka?" Iyakar abin da ya ce ke nan, da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya mayar mini da harsashinsa cikin bindiga da hannunsa, muka bi jini. Da farko da yawa, sai ya koma ɗigo-ɗigo, sai tazara ta riƙa ƙaruwa. A bakin wani rafi ya ƙare. Muka rabu, shi ya bi gangare, ni na bi sama.

Azahar ta yi har tana neman wucewa. Na shiga cikin wasu dogayen itatuwa irin waɗanda ake sarewa lokacin Kirsimeti, inda ƙanƙara ba ta yi yawa ba. Na jingine bindiga a wata bishiya, na yi alwala da ruwan ɗumi na fulas, na shimfiɗa 'yar sallayata ta mota, na duba alƙibla, wadda a ƙasar nan ta karkata arewa. Wurin shiru, irin shirun da kunne ke yi wa ƙara. Ba tsuntsu, ba iska, rafin ma ban ji shi ba.

Ka san mu yadda aka koya mana a gida, mutum in yana salla shi kaɗai sallama ɗaya yake yi, ya ɗan karkata dama. Ba a juyawa hagu sai in kana cikin sahu kuma da mutum a hagunka, sai ka mayar masa. Tun ina ɗan shekara bakwai haka nake yi, jikina ya saba. Ran nan ina zaune a tahiyar ƙarshe sai na ji numfashi a haguna. A hankali, da ɗan kakari, kamar tsoho ya shigo sahu a makare ya zauna. Na ce a raina Walter ne. Na yi sallama dama, sai wuyana da kansa ya juya hagu, bakina ya ce assalamu alaikum, tun ban ga kowa ba.

Ita ce. Tana tsaye daidai kafaɗata, bai fi taku huɗu ba, ta fuskanci inda na fuskanta, kamar mai bin sahu. Kafaɗarta a buɗe, jini ya daskare a gashin ƙafar. Sai ta juyo da kai ta dube ni. Ba fushi a idon, ba tsoro, kallo ne kawai, kamar tana jiran in ƙarasa abin da na fara. Tururi yana fita daga hancinta. Ni da na farfasa mata ƙashi da gangan, ni ne na ce mata aminci ya tabbata a gare ki, da bakina, da alwalata.

Bindiga tana bayana, taku shida, da harsashin kirki a ciki. Da na miƙe a hankali da na hutar da ita. Wallahi, Auta, ƙafafuna suka ƙi. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Daga baya ta juya ta shiga itatuwa, tana ɗingishi, ba gaggawa. Da ta ɓace jikina ya sake ni, na suri bindiga na gangara a guje ina kiran Walter, na bar sallayar a shimfiɗe. Muka dawo tare, muka nemi wurin muka rasa, itatuwan duk iri ɗaya ne, kuma ƙanƙara ta fara sauka ta rufe sawu. Washegari ma muka yini nema. Ban faɗa masa na gan ta ba, kunya ta hana ni.

Na komo Bronx hannu rabbana. A masallaci aka yi ta tsokanata. Malam Idi, limaminmu na lokacin, mutumin zangon Kumasi, Allah ya ji ƙansa, ya ce, "Maharbi, ina namanmu? Ko barewar Amurka ma sai da takarda take mutuwa?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Da jama'a suka watse na tsaya na faɗa masa abin da na yi da harsashi, ban faɗa masa na salla ba. Dariya ta bar fuskarsa. Ya ce, "Haba, Mamman Sani! Wa ya ce maka haka? Naman daji da ba a iya kama shi da hannu, in ka yi bismillah lokacin da ka saki harbi, makaminka ya huda shi ya zubar da jini ya mutu, ya halatta. In ka tarar da shi da rai sai ka yanka, in ka tarar ya cika, ka ci abinka. Harsashin shi ne wuƙarka." Na ce to me ya sa ubana yake gudu da wuƙa? Ya ce, "Don bindigarsa ba ta kashewa, yana gudu ne ya hutar da dabba. Shi yana gudu don ya rage mata wahala, kai ka je ka saya mata wahala a shago. An hore mu mu wasa wuƙa kafin yanka, kai kuwa ka zaɓi dakusasshiya ka ce ibada kake."

Na fito na zauna a mota na kasa tayar da ita. Tambaya ɗaya, Auta, ta minti biyu, ga malam kullum muna sahu ɗaya da shi. Kai ma kada ka tsaya a kan maganata, ka sami malamin da ka yarda da shi ka tambaye shi kafin Nuwamba. Amma na san abin da zai ce maka.

Da bazara ta shigo na koma ɗaukar raguna. Muka gama lodi, Walter ya shiga rumbunsa ya fito da wani abu a leda. Sallayata ce, ta yi baƙi, ta ruɓe gefe guda. Ya ce da ƙanƙara ta narke ya je duba shinge ya ci karo da ita. Ya ce, "A kanta ta kwanta." Ƙasusuwan suna nan a kan sallayar, a naɗe wuri guda, dila bai watsa su ba, abin da ya ce bai taɓa gani ba duk zamansa a dajin. Allon kafaɗar hagu a farfashe. Ya ce wataƙila don tabarmar ta fi ƙasa ɗumi ne. Na ce wataƙila. Na so in tambaye shi ina kanta ya fuskanta, na fasa, don ina tsoron amsar. Kwana nawa ta yi kafin ta mutu, shi ma ban tambaya ba.

Ban bar farauta ba, kada ka ɗauka tsorata ka nake son yi. Walter ya sake gayyatata, mutumin kirki, ya ce wanda ya yi irin wannan sau ɗaya ya fi wanda bai taɓa yi ba kula. Na harbi barewa huɗu bayan wannan, da harsashin da ya dace, bayan kafaɗa, da bismillah. Ba wadda ta yi nisa, biyu ma inda suke tsaye suka faɗi. Ka ci namansu kana yaro, kai ne mai kuka a ƙara maka kilishi. Na bar wasu da yawa sun wuce don sun tsaya a karkace ko sun yi nisa, na dawo gida ba komai, kuma na yi barci lafiya. Halal ne, abinci ne, gadon gidanmu ne. Na yi zaton huɗun nan za su goge ta ɗayar, ba su goge ba.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan duka. Kana ɗan shekara shida, wata rana ina sallar walaha a falo ni kaɗai, kana kwance kana kallon katun. Da na idar ka ce mini da Turancinka, "Baba, wa kake gaisarwa a can? Ba kowa." Na ce maka mala'iku. Ba ƙarya na yi ba gaba ɗaya, amma ba gaskiyar ba ce. Tun ranar nan ta daji ban sake tsayawa a sallama ɗaya ba. A falonmu hawa na tara, a bayan mota a bakin titi, a ɗakin asibiti lokacin da aka yi mini aikin ido, duk inda na zauna tahiyar ƙarshe ni kaɗai, sai in ji numfashin nan a haguna, a hankali, da ɗan kakari. Innarka ta ɗauka wa'azin wasu malamai na ji na canza, na bar ta a haka. Ba na ganin komai in na juya, labule ne, ko bango, ko takalmanku. Na yi istigfari, na yi sadaka, Malam Idi ya ce Allah mai gafara ne, na kuma yarda. Amma numfashin bai tafi ba, kuma ni ban iya ƙin juyawa ba.

Ka lura kai ma sallama biyu kake yi in kana kai kaɗai? A wurina ka gani, ba ka tambaya ba. Ba laifi a ciki, Musulmi da yawa haka suke yi. Amma duk lokacin da na ga ka juya hagu, sai in ji wani abu ya soke ni, don na san a bayan wa ka koya. Taka sallamar ba kowa a cikinta, fanko ce, mai tsabta. Ina so ta zauna haka har ka tsufa.

Kwalin nan mai ruwan ɗorawa ba ya cikin kabad yanzu. Guda goma sha tara suka rage a ciki, shekara ashirin da biyu ina ajiye da su ba tare da na san dalili ba. Ran Litinin na kai su range na ba mai kula da wurin ya san yadda zai yi da su. Ya ce ai lafiyarsu ƙalau, na ce na sani. Idan takardu sun fito ka zo ɗaukar bindiga, za mu je tare, ni da kai, mu zaɓi iri uku, mu zauna mu gwada har mu ga wanda take so. Zan riƙe maka fulas ɗin shayi, idona bai kai na da ba amma bakina yana nan. Ka ajiye harsashi inda ba laima, a kulle, daban da bindiga. Ka sa rigar nan mai ruwan lemo ko ta yi maka muni, don sauran maharba su hango ka. Kada ka harbi motsi, sai abin da ka gani sarai, ka kuma san abin da ke bayansa.

In barewa ta fito ta tsaya maka, ka yi bismillah da zuciya ɗaya, ka aika mata abin da zai gama da ita kafin ta san me ya faru. Wannan shi ne tausayin da maharbi ke da shi, ba shi da wani. In hannunka yana rawa, ko ba ka tabbata ba, ka sauke bindiga ka bar ta ta tafi da ƙafafunta huɗu. Ba wanda zai mutu da yunwa a gidanmu, in an tsokane ka ka ce ni na ce.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya. Ya tsare gabanka da bayanka, da damanka da hagunka. Ya daidaita hannunka, ya sa abin da za ka ci ya zama halal, ya sa kada wata halitta ta kwana da ciwo saboda kai. Ka riƙa kiran Innarka ran Juma'a, ko ba ka da abin faɗa. Ni zan tsaya nan, an kira la'asar, kuma yau ba kowa a gidan, ni kaɗai zan yi. Shekara ashirin da biyu ke nan ina yi mata sallama, Auta, ba ta taɓa amsawa ba.

Mahaifinka,
Mamman Sani